Zaɓe a Matsayin Sake Gina Mawaƙi: Nazarin Kundin Legend na Bob Marley da Darasinsa ga Masu Tattara Waƙoƙin Baka

Tsakure

Idan mawaƙi ya mutu, ikon faɗin waƙoƙin da za su wakilce shi yakan koma hannun wasu, ko dai magada, ko kamfanin faifai, ko manazarta. Wannan maƙala ta nazarci kundin Legend, wanda kamfanin Island ya fitar a shekarar 1984, shekara uku bayan mutuwar mawaƙin rege na ƙasar Jamaika, Bob Marley. Manufarta ita ce gano mizanin da aka bi wajen zaɓen waƙoƙi 14 da ke cikin kundin, da kuma irin surar mawaƙin da zaɓen ya bar wa masu sauraro. An kwatanta kundin da faya-fayan da mawaƙin ya fitar yana raye, sannan aka karkasa waƙoƙin bisa turakunsu. Binciken ya gano cewa kasuwar Birtaniya ce babban mizanin zaɓen, kuma ba a cire waƙoƙin gwagwarmaya ɗungurungum ba, an dai tsame waɗanda suka ambaci yunwa da talaucin unguwa da siyasar Afirka ƙarara. Maƙalar ta kammala da cewa mai tattara waƙoƙin mamaci yana da hannu a ginin tarihin mamacin, don haka wajibi ne ya bayyana mizaninsa, musamman a fagen tattara waƙoƙin makaɗan Hausa da suka riga mu gidan gaskiya.

Fitilun Kalmomi: Kundi, Diwani, Turke, Zaɓe, Rege, Bob Marley

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan magana takan ƙara nauyi a lokacin da mai waƙar ya kwanta dama, domin daga ranar ba shi da sauran ta cewa a kan waƙar da za a sa a gaba da wadda za a ajiye a baya. Mafi yawan waɗanda za su san shi nan gaba ba su taɓa ganinsa a dandali ba. Abin da zai iso gare su shi ne wani ƙwarya-ƙwaryan kundi da wani ya zauna ya tsara, kuma daga wannan kundi ne za su yanke hukunci a kan halinsa da aƙidarsa da fasaharsa.

Nazarin waƙar baka a jami'o'inmu ya fi mayar da hankali a kan matanin waƙa, wato turkenta da salonta da zubinta. Ba a cika tsayawa a tambayi hanyar da waƙar ta bi ta iso hannun mai nazari ba, da kuma waƙoƙin da suka salwanta a kan hanyar. Kundin Legend misali ne da ya dace da wannan tambaya saboda dalilai biyu. Na farko, shi ne faifan rege da aka fi saye a tarihi, har ya zama ƙofar da mafi yawan mutanen duniya suka shiga ta cikinta suka san Bob Marley. Na biyu, tarihin tsara shi a rubuce yake, an san waɗanda suka yi aikin, an kuma san faifan da aka ciro kowace waƙa, ta yadda ana iya auna abin da aka ɗauka da abin da aka bari.

1.1 Dabarun Gudanar da Bincike

An ɗauki bugun farko na kundin, wato faifan garmaho na shekarar 1984 mai waƙoƙi 14, a matsayin matanin nazari. An bi kowace waƙa zuwa faifan da ta fara fitowa a cikinsa, sannan aka jera faya-fayan mawaƙin bisa shekarunsu don ganin inda zaɓen ya yi nauyi da inda ya yi tsallake. Wajen karkasa waƙoƙin an aro ma'aunin turke da salsala kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa su a nazarin waƙar baka, domin tambayar da ake yi wa waƙar Bahaushe, wato me ta ƙunsa kuma me ya haifar da ita, ita ce ake son yi wa waɗannan waƙoƙi.

2.0 Kundin Bayan Mutuwa da Ire-Irensa

Abin da ake nufi da kundin bayan mutuwa shi ne duk wani tarin waƙoƙi da aka fitar da sunan mawaƙi bayan ya bar duniya. Ana iya kasa shi gida uku. Akwai kundin ragowa, wanda ake tattara waƙoƙin da mawaƙi ya ɗauka bai kai ga fitarwa ba, a ƙarasa su a fitar. Akwai kundin zaɓe, wanda ake tsamo waƙoƙin da jama'a suka riga suka sani a haɗa su wuri guda. Akwai kuma kundin adana tarihi, wanda ke ƙoƙarin bin rayuwar mawaƙi tun daga waƙarsa ta fari har ta ƙarshe.

An yi wa Bob Marley duka ukun. Faifan Confrontation na 1983 kundin ragowa ne. Legend na 1984 kundin zaɓe ne. Songs of Freedom na 1992, mai faifai huɗu, kundin adana tarihi ne. A cikin ukun, kundin zaɓe ya fi tasiri a kan jama'a, domin gajere ne, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin mai saye ba. Shi ne kuma ya fi ɓoye hannun mai tsarawa, tunda duk waƙar da ke cikinsa ta mawaƙin ce ba jabu ba, sai mai sauraro ya ɗauka babu wanda ya shiga tsakaninsa da mawaƙin.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Bob Marley

An haifi Robert Nesta Marley ranar 6 ga Fabrairu, 1945, a ƙauyen Nine Mile da ke ƙasar Jamaika. Ya tashi a Trenchtown, ɗaya daga cikin unguwannin talakawa na birnin Kingston. A shekarar 1963 shi da Peter Tosh da Bunny Wailer suka kafa ƙungiyar da aka sani da Wailers. Sun shafe kusan shekara goma suna ɗaukar waƙoƙi a Jamaika, a ƙarƙashin masu ɗakunan ɗaukar sauti irin su Coxsone Dodd da Lee Perry, kafin su ƙulla yarjejeniya da Chris Blackwell, mai kamfanin Island, a shekarar 1972. A cikin waɗannan shekaru ne Marley ya rungumi aƙidar Rastafari, wadda ke girmama Sarkin Habasha Haile Selassie, take kuma kallon Afirka a matsayin gidan da baƙar fatar da aka kai bauta za su koma.

A ƙarƙashin Island ya fitar da Catch a Fire da Burnin' a 1973, Natty Dread a 1974, Live! a 1975, Rastaman Vibration a 1976, Exodus a 1977, Kaya da Babylon by Bus a 1978, Survival a 1979, sai Uprising a 1980. Tosh da Bunny sun bar ƙungiyar bayan faifai biyu na farko, aka maye gurbin amshinsu da mata uku, wato Rita Marley da Marcia Griffiths da Judy Mowatt.

Rayuwarsa ba ta rabu da siyasa ba. Ranar 3 ga Disamba, 1976, 'yan bindiga suka kai masa hari a gidansa da ke Kingston, suka raunata shi da matarsa da manajansa, kwana biyu kafin wani babban wasa da ake ganin yana da nasaba da zaɓen da ke tafe. Ya yi wasan da rauninsa, sannan ya yi ƙaura zuwa Landan. Bayan ya dawo gida, a watan Afrilun 1978 ya haɗa hannun Firayim Minista Michael Manley da na madugun adawa Edward Seaga a kan dandali. A watan Afrilun 1980 ya yi wasa a bikin samun 'yancin kan Zimbabuwe. Ya mutu a birnin Mayami na Amurka ranar 11 ga Mayu, 1981, sakamakon ciwon dajin fata, yana da shekara 36, kuma bai bar wasiyya ba.

4.0 Samuwar Kundin Legend

Kamfanin Island ya fitar da Legend a watan Mayun 1984. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Dave Robinson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Stiff, wanda Blackwell ya ɗauko ya riƙe reshen Island na Birtaniya. Robinson ɗan kasuwar faifai ne, kuma bai ɓoye manufarsa ba a hirarrakin da aka yi da shi daga baya. Ya ga cewa sunan Marley ya fi cinikin faya-fayansa girma, ya kuma ƙudiri aniyar sayar da shi ga fararen fata masu matsakaicin hali waɗanda ba su saba sayen rege ba. Ya sa aka gudanar da binciken jin ra'ayin masu saye, aka zaɓi hoton bango da salon talla bisa abin da binciken ya nuna. An sake fitar da waƙar One Love ita kaɗai gab da fitowar kundin, aka yi mata bidiyo wanda Paul McCartney ya bayyana a ciki. A bugun farko na Arewacin Amurka har an sake gauraya sautin wasu waƙoƙin don su dace da kunnen masu sauraron can.

Dabarar ta ci. Kundin ya shafe mako 12 a saman jadawalin cinikin faya-fayai na Birtaniya. A Amurka bai yi tashin farat ɗaya ba, amma ya ci gaba da sayuwa shekara da shekaru, har zuwa 2014 aka tabbatar masa da kwafi miliyan 15 a wannan ƙasa kaɗai. Babu wani faifan da Marley ya fitar yana raye da ya kusanci wannan adadi. Ma'ana, faifan da ya fi kowanne wakiltarsa a duniya shi ne wanda bai taɓa gani ba.

5.0 Nazarin Zaɓen

5.1 Tushen Waƙoƙin

Idan aka mayar da kowace waƙa faifanta na asali, ga yadda rabon yake:

Exodus na 1977 ya ba da waƙa 5: Three Little Birds, One Love, Waiting in Vain, Exodus da Jamming.
Kaya na 1978 ya ba da 2: Is This Love da Satisfy My Soul.
Uprising na 1980 ya ba da 2: Could You Be Loved da Redemption Song.
Burnin' na 1973 ya ba da 2: Get Up, Stand Up da I Shot the Sheriff.
Catch a Fire na 1973 ya ba da 1: Stir It Up.
Live! na 1975 ya ba da 1: No Woman, No Cry, wadda aka ɗauka a wasan Landan.
Confrontation na 1983 ya ba da 1: Buffalo Soldier.

Abu na farko da wannan rabo ya nuna shi ne rabin kundin, wato waƙa 7 cikin 14, ya fito ne daga Exodus da Kaya, faya-fayai biyu da aka ɗauka a Landan lokacin zaman gudun hijirarsa. Abu na biyu, babu ko waƙa ɗaya daga Rastaman Vibration ko Survival. Abu na uku, babu wani ɗauka daga shekarun da suka gabaci yarjejeniyar Island.

Dalilin wannan rabo a fili yake. Waƙoƙi 10 daga cikin 14 su ne waƙoƙin Marley da suka shiga sahun arba'in na farko a jadawalin cinikin Birtaniya zuwa wannan lokaci. Aka ƙara uku daga zamanin Tosh da Bunny, biyu daga cikinsu kuwa Turawa sun riga sun san su ta bakin wasu, domin Johnny Nash ya rera Stir It Up, Eric Clapton kuma ya kai I Shot the Sheriff saman jadawalin Amurka a 1974. Ta ƙarshe ita ce Redemption Song. Saboda haka kalmar "mafi kyau" da ke jikin cikakken sunan kundin tana nufin abin da kasuwa guda ta fi karɓa. Ba a auna da kunnen Kingston ko na Harare ko na Legas ba.

5.2 Turakun Waƙoƙin

Bisa fahimtar wannan nazari, ana iya kasa waƙoƙin zuwa manyan turaku uku. Turken soyayya yana da waƙa 4: Is This Love, Stir It Up, Waiting in Vain da Satisfy My Soul. Turken lallashi da haɗin kai da nishaɗi yana da 5: No Woman, No Cry, Three Little Birds, One Love, Jamming da Could You Be Loved. Turken gwagwarmaya da tarihin bauta yana da 5: Get Up, Stand Up, I Shot the Sheriff, Buffalo Soldier, Redemption Song da Exodus.

Wannan ƙidaya ta nuna cewa zargin da ake yawan yi, wai an wanke kundin daga siyasa baki ɗaya, ya wuce gona da iri. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na waƙoƙin na gwagwarmaya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne nau'in gwagwarmayar da aka bari. Kira ga mutum ya tashi ya nemi haƙƙinsa, ko ya 'yantar da tunaninsa, kira ne da kowa zai iya ɗauka ya ɗora a kan halin da yake ciki, ko ɗalibi ne a Faransa ko ma'aikacin banki a Amurka. Tarihin sojoji baƙaƙe na Amurka a ƙarni na 19 kuwa ya yi nisa, ba ya tuhumar wani mai sauraro da ke raye. Waƙoƙin da aka zaɓa su ne waɗanda ake iya rabawa da salsalarsu ba tare da sun rasa daɗin ji ba.

5.3 Abin da Aka Bari

Waƙoƙin da aka tsallake su ne waɗanda ba sa rabuwa da salsalarsu. Concrete Jungle da Them Belly Full da Burnin' and Lootin' suna maganar ƙuncin unguwa da yunwa da tsangwamar jami'an tsaro a Kingston. War, wadda ke cikin Rastaman Vibration, an gina ta ne a kan jawabin da Haile Selassie ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1963, kuma ta ambaci ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin mulkin mallaka da wariyar launin fata da sunayensu. Survival kuwa shi ne faifan da ya fi kowanne fuskantar Afirka. Bangonsa cike yake da tutocin ƙasashen nahiyar, tare da zanen yadda ake jera bayi a cikin jirgin ruwa, kuma a cikinsa ne waƙoƙin Zimbabwe da Africa Unite suke.

Ga mai nazari ɗan Afirka, wannan giɓi shi ne mafi girma. Mawaƙin da sabuwar ƙasa ta gayyata ranar da aka sauke tutar mulkin mallaka, waƙar da ta jawo gayyatar ba ta cikin kundin da duniya ta san shi da shi. Wanda ya tsaya a kan Legend kaɗai zai fahimci dalilin da ya sa ake son Marley, amma zai yi wuya ya fahimci dalilin da ya sa aka harbe shi.

5.4 Jeri da Hoto da Suna

Zaɓe bai tsaya a kan waƙoƙi ba. An buɗe kundin da waƙar soyayya, aka rufe shi da waƙar nishaɗi, ba a kuma bi jerin shekaru ba, ta yadda waƙar 1973 ke zaune kusa da wadda ta fito a 1983. Wannan ya shafe sauye-sauyen da mawaƙin ya yi a tafiyarsa, ya mayar da shi mutum mai murya guda a kowane zamani. Hoton bango ya nuna shi cikin natsuwa, ya tallafi haɓa yana tunani, saɓanin bangon Catch a Fire da aka fi sani, inda yake zuƙar tabar wiwi. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska, kuma fuskar da aka zaɓa ta riga waƙoƙin yin magana. Sunan kundin kansa, wanda ke nufin gwarzon da ya zama abin labari, ya ɗauke shi daga cikin rigingimun zamaninsa ya ajiye shi inda babu mai jayayya da shi.

6.0 Hujjojin Masu Kare Kundin

Adalcin nazari ya buƙaci a saurari ɗaya ɓangaren. Da farko, duk waƙoƙin na Marley ne, kuma shi da kansa ya fitar da Kaya, faifan da wasu suka soka tun yana raye cewa ya yi sanyi. Soyayya da lallashi wani ɓangare ne na gaskiyarsa. Na biyu, daidaita sauti don kasuwar waje bai fara bayan mutuwarsa ba. Tun a Catch a Fire an ƙara kiɗan jita da na madannai a Landan, ta hannun Wayne Perkins da John Bundrick, kuma Marley yana wurin. Na uku, kundin ya zama tsani ga miliyoyin mutane, wasunsu kuma sun hau sun isa ga sauran faya-fayan.

Waɗannan hujjoji suna da ƙarfi, amma ba su kawar da bambanci guda ba. Lokacin da yake raye, Marley ya bi Kaya da Survival a shekarar da ta biyo baya, wato yana da ikon gyara surarsa idan ya ga ta karkata. Bayan mutuwarsa wannan iko ya ƙare. Shi kansa kamfanin ya nuna alamar ya san da giɓin, domin a 1986 ya fitar da Rebel Music, kundin da ya tattara waƙoƙin gwagwarmaya, sannan aka fitar da Songs of Freedom a 1992, wanda ya faro daga waƙarsa ta 1962 ya ƙare da wasansa na ƙarshe a birnin Pittsburgh a watan Satumban 1980. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kai inda Legend ya kai. Kundin da ya riga isa kunnen jama'a shi ne ya zauna.

7.0 Haƙƙin Mallaka a Matsayin Ɓoyayyen Mizani

Akwai mizanin da mai sauraro ba ya ji a cikin waƙa, wato wane ne ya mallaki ɗaukar. Rashin waƙoƙin zamanin Dodd da Perry a cikin Legend yana da nasaba da cewa kundin na Island ne, an kuma gina shi daga taskar Island. Rashin wasiyya ya jefa dukiyar mawaƙin cikin shari'ar da ta ɗauki kimanin shekara goma. A shekarar 2010 wata kotun tarayya a birnin New York ta yanke hukuncin cewa kamfanin Universal, wanda Island ya koma ƙarƙashinsa, shi ke da haƙƙin mallakar faya-fayai biyar da aka ɗauka tsakanin 1973 da 1977, ba iyalin mawaƙin ba. Kafin nan, a 2006, wata babbar kotu a Landan ta kori ƙarar Aston Barrett, makaɗin jitar bes na ƙungiyar, wanda ya nemi kasonsa na kuɗin waƙoƙin. Kiɗansa da na ɗan'uwansa Carlton Barrett, mai ganguna, su ne ƙashin bayan mafi yawan waƙoƙin kundin, amma fuska guda ce a bango.

8.0 Darasi ga Masu Tattara Waƙoƙin Makaɗan Hausa

Matsalar da Legend ya fito da ita tana nan a fagen nazarin Hausa, har ma ta fi tsanani. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Mafi yawan matasan da ke sauraronsu a yau suna samun waƙoƙinsu ne ta tarin da masu kaset suka haɗa a da, da kuma wanda masu tura waƙa a waya da shafukan intanet ke haɗawa yanzu. Waɗannan duka kundayen zaɓe ne, sai dai ba su ɗauke da sunan mai zaɓe, ko shekarar ɗauka, ko wurin da aka yi wasan. Faya-fayan Marley suna da shekaru da jerin sunayen makaɗa, shi ya sa aka iya ƙirga abin da aka bari. Makaɗin baka kuwa yakan rera waƙa guda sau da yawa, kowane rerawa da ɗiyansa, kamar yadda aka sani game da Bakandamiyar Shata. Idan rerawa guda ya yaɗu, sauran sukan ɓace ba tare da an san sun taɓa wanzuwa ba.

Mizanin tacewa a nan ba lallai ya zama kasuwa kaɗai ba. Kunya da girmama mamaci suna iya yin aikin da binciken kasuwa ya yi wa Marley. Mai tattarawa zai iya tsallake waƙar da Shata ya yi wa mashaya, ko zambon da makaɗin fada ya yi wa wani gida da zuriyarsa ke raye, da niyyar kare mutunci. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakon ɗaya ne, wato tarihin da aka rage masa wani sashe ba tare da an sanar da mai karatu ba.

Saboda haka maƙalar tana ba da shawarwari huɗu ga masu haɗa diwani ko kundin sauti. Na ɗaya, a bayyana mizanin zaɓe a gabatarwa, a kuma faɗi ire-iren waƙoƙin da aka bari da dalilin barinsu. Na biyu, a rubuta salsalar kowace waƙa da shekararta da inda aka samo ɗaukar, ko gidan rediyo ne ko taskar wani mutum. Na uku, idan waƙa tana da rerawa fiye da ɗaya, a nuna wanda aka ɗauka, a adana sauran. Na huɗu, a ambaci 'yan amshi da makaɗa da sunayensu, a kuma daidaita da magada a rubuce kafin a fitar da aiki.

9.0 Sakamakon Bincike

Binciken ya gano abubuwa huɗu. Na farko, waƙoƙi 10 cikin 14 na Legend an zaɓe su ne bisa cinikin Birtaniya, rabin kundin kuma daga faya-fayai biyu ya fito. Na biyu, turken gwagwarmaya yana nan a waƙa 5, amma an tsame waƙoƙin da ke ɗaure da Kingston da siyasar Afirka. Na uku, jeri da hoto da suna sun yi aiki tare da zaɓen wajen gina surar mawaƙi mai sanyin hali. Na huɗu, haƙƙin mallaka ya iyakance abin da zai iya shiga kundin tun kafin a fara zaɓe.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi diddigin kundin Legend tun daga samuwarsa har zuwa rabon waƙoƙinsa, ta nuna cewa ana iya sauya surar mawaƙi ba tare da an ƙara masa ko baiti ɗaya da ba nasa ba. Yawan abin da aka ɗauka daga wani turke, da ƙarancin abin da aka ɗauka daga wani, sun isa su yi wannan aiki. Mai tattara waƙoƙin mamaci amana ce a hannunsa, kuma mai amanar ba ya nan balle ya yi gyara. A yayin da tsofaffin kaset ke lalacewa, waɗanda suka halarci wasannin makaɗan Hausa kuma suke ƙarewa, kundayen da ake haɗawa a wannan zamani su ne za su zama hujjar masu nazari na gaba. Ya rage ga sassan nazarin Hausa su tabbatar cewa kowane kundi ya faɗi wanda ya zaɓa, da abin da ya zaɓa, da abin da ya bari.